Rigar da Ake Ɗaurewa ta Baya

Maigidana tela ne. A zauren gidanmu na Fagge yake ɗinki, ni kuma ina ciki, ƙofa da labule ne kawai tsakaninmu. Bara Allah ya yi masa rasuwa. Ya ɗinka riguna masu tsada da yawa a rayuwarsa, amma wadda ta fi dawo mini a rai tun da ya tafi ta tsumman buhu ce.

Shekarun da kuɗin mai suka shigo gari ne. An ƙara wa ma'aikata albashi, kowa na son babbar riga mai aiki, keken ɗinkin maigidana Malam ba ya hutawa. Gyaɗa kuwa ta ja baya, har buhunan algarara da ake zuba ta suka zama tarkace, ana jibge su a bakin kasuwar Singa babu mai tayawa.

A lokacin ne wani mutum ya fara zuwa zauren. Ibo ne, Kirista, haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ba ta da maraba da tamu. Ya gudu lokacin rikicin da aka yi kafin yaƙin basasa, ya dawo bayan an gama, ya buɗe shagon madara da sukari da sabulu. Wando ya kawo a rage masa. Ina leƙe ta gefen labule na ga ya sa hannu ƙarƙashin teburin keken, ya shafa wani wuri, ya daɗe bai janye ba. Mai kawo ɗinki ba ya sa hannu a nan.

Na san abin da ya taɓa. Akwai ɗan gicciye da aka kankara da ƙusa a ƙasan katakon. Malam ya sayi keken a hannun dillali ba da daɗewa ba bayan mutanen Sabon Gari sun watse, da araha, kuma bai tambayi inda ya fito ba. Wata maƙwabciyarmu ta gaya mini daga baya cewa mutumin yana da wa, tela, wanda bai fita daga Kano ba, bai kuma isa gida ba.

Mutumin ya karɓi wandonsa, ya dawo da wani. Sannan ya fara zuwa ba da ɗinki ba, ya zauna a kan benci suna hira. Wata rana ya ga baka da kwari rataye a bango, ya tambaya. Malam ya ce na mahaifinsa ne, maharbi ne a ƙauyensu, kuma shi ma ya iya harbi tun yana yaro. Ya ba shi labarin burtu, kan tsuntsun nan da maharbi ke ɗaurawa a goshi yana rarrafe har dabba ta saki jiki.

"Amma burtu sai mai gwiwa," in ji Malam. "Tawa keke ya cinye ta."

"Akwai rigar da ba sai ka yi rarrafe ba," in ji mutumin. "Ka kwanta kawai. Gada za ta zo ta ci ciyawa a gefen kunnenka."

Nama cike yake a kasuwa a shekarun nan, kuma muna da abin saye. Na kasa gane abin da zai kai tela da mai shago daji.

Suka fara haɗa rigar. Mutumin ya kawo buhuna da tsohuwar ragar kamun kifi a bayan a-kori-kurarsa. Malam ya ɗinke ragar a kan wata tsohuwar taguwa mai kauri, ya yi mata hula mai rufe fuska, sai ɗan wurin idanu. Ni aka ba aikin tsefe buhunan, zare-zare, har yatsuna suka yi kanta. Mutumin ne ke faɗin yadda za a yi daga zaure, Malam na isar mini. Kada a rina duka launi ɗaya, don daji ba launi ɗaya ba ne. Wani zaren a bagaruwa, wani a laka, wani a bar shi yadda yake, don ciyawar kaka ta fara ja. A ƙulla su a raga dogo da gajere, kada a jera su kamar gezar darduma. Kada sabulu ya taɓa ta, kada a shanya ta kusa da hayaƙin murhu. Da aka gama ma sai suka binne ta a ƙasa mai damshi da ruɓaɓɓen ganye ta kwana biyu, wai don warin mutum ya fita.

Duk wannan na yi shi. Amma ina ta tambayar kaina, a ina mai sayar da sukari ya koyi ɓoye mutum haka?

Ranar da Malam ya gwada ta a tsakar gida, na yi dariya ba da son raina ba. Ya zama kamar tarin shara mai ƙafafu. Ya ɗaga baka ya ja, ya saki. Tsarkiyar ta kama zaren ƙirji da na hannun hagu, kibiyar ta karkace ta huda ƙwaryar da nake tankaɗe a cikinta.

"To, maharbi," na ce, "an kashe ƙwarya. A feɗe ta ko a bar ta?"

Ya fita zaure yana dariya, ya gaya wa abokinsa. Mutumin ya ce dama ya yi zaton haka. A sa almakashi a aske ƙirji da hannun da ke riƙe baka, su zama sumul, don tsarkiya ta sami hanya. Kuma a cire maɓallan gaba, su ma suna iya kamawa. A ɗinke gaban gaba ɗaya, a tsaga bayan, a sa igiyoyi. Shi zai riƙa ɗaure wa Malam in sun isa daji.

"Kai kuma fa?" in ji Malam.

"Ni ban iya baka ba. Zan zagaya da adda in kaɗo maka su."

Na ajiye zaren da ke hannuna. Abin da na gani a raina shi ne maigidana kwance rub da ciki a ciyawa, nesa da gari, ba ya ganin komai sai abin da ke gabansa, cikin rigar da ba zai iya cirewa da kansa ba, an raba ta da warin mutum, ba mai wucewa da zai san akwai mutum a wurin. Da kuma wani a bayansa da adda, wanda ya shafa gicciyen nan.

Da Malam ya shigo cin abinci na gaya masa.

"Malam, ba ka sa rigar nan."

"Ke da kika tsefe ta da hannunki?"

"Ya san keken."

Ya tsame hannu daga kwano. "Na sani. Na ga hannunsa ranar."

"Ka sani, kuma za ka ba shi bayanka ya ɗaure?"

"In na ƙi, me na gaya masa ke nan? Cewa ina da abin tsoro. Ni saya na yi, ban shiga gidan kowa ba."

"Shi ya san haka?"

Ya wanke hannu ya koma kan keke, ya tsaga bayan rigar kamar yadda aka ce.

Ranar da suka sa za su fita, da hantsi, na ji tsayuwar a-kori-kurar. Ban taɓa yi wa mutumin magana ba sai gaisuwa. Na tsaya bayan labule na ce, "Sannu da zuwa. Ina da tambaya."

"Ina jin ki, uwargida."

"Rigar nan, in wani abu ya taso, wa zai kwance shi?"

"Ni."

"In kuma kai ne ba ka kusa? Ko in kai ne..." Ban ƙarasa ba.

Malam ya ce, "Ke!" da muryar da bai saba yi mini ba. Ina jin ƙarar injin niƙa daga can bakin titi.

Can sai mutumin ya ce, "Gaskiyarta, Malam. Ai ba a gwada riga a kan dabba tukuna. A kan mutum ake gwadawa. Yau ni zan sa. Ka ɗaure ni, ka juya baya in ɓuya, ka neme ni. In ka gan ni, rigar ba ta yi ba."

Ya ɗauki addarsa ya miƙa wa Malam. Ya sa rigar nan a zaure, ta yi masa tsawo tana jan ƙasa. Ya juya baya ya ce, "Ɗaure da kyau, kada ka ji tausayina." Haka ya shiga bayan mota, Malam ya roƙi wani direba maƙwabcinmu ya ja su zuwa bakin daji ya jira su a hanya.

Wunin nan ban iya cin abinci ba. Na ce a raina wata dabara ce, ya nuna ba komai yau don a saki jiki gobe. Na share tsakar gida, na sake sharewa, zaren buhu bai ƙare ba.

Kafin magariba suka dawo, ba nama. Mutumin bai shigo zaure ba, ya wuce gida. Malam ya zauna a bakin ɗaki, ya ba ni labari.

Ya ce ya neme shi har ya gaji. Fili ne ba mai girma ba, ciyawa iya gwiwa da 'yan sabara. Ya bi ko'ina, ya kira, shiru. Har ya fara jin tsoro. Sai ya ga wani tudun ciyawa dab da ƙafarsa yana rawa, alhali babu iska. Mutumin ne, jikinsa ke kyarma. Malam ya durƙusa ya kwance igiyoyin, ya cire masa hular, ya ga fuskarsa jiƙe.

A nan ya gaya wa Malam inda ya koyi abin. Lokacin rikici, a cikin tarin yagaggun buhuna kusa da tashar jirgin ƙasa ya kwanta, ya ja su ya rufe kansa. Mutane suka riƙa wucewa ta gefensa, yana ganin ƙafafunsu. Wansa bai samu inda zai shiga ba.

"Na ce masa keken na wansa ne, ya ɗauka," in ji Malam. "Ya ce ya sani. Ya ce shi ba tela ba ne, a bar shi inda ake taka shi."

Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba. Amma ban janye maganata ba. Na ce ko dai a sake bakin rigar, ko in cusa ta a murhu. Malam ya yi tunani irin na tela, ya ɗinke bayan, ya tsaga ta a gefe, ƙarƙashin hammatar dama, inda tsarkiya ba ta bi. Ya zura zariya, ya yi ƙullin zarge, wanda ja ɗaya ke warware shi. Mutumin ya duba ya ce ya fi nasa tsarin, don in maharba suka sa wa daji wuta, buhu ba ya jira.

Sun yi shekaru suna fita, daga ƙarshen damina zuwa lokacin da aka fara ƙona daji. Wani lokaci su kawo zomo ko fakara, sau da yawa ba komai. Gada ɗaya na tuna, aka raba, aka kai wa matar mutumin cinya. Duk ranar da za su fita ni nake ƙulla zariyar da hannuna, in ja in ga ta warware, in sake ƙullawa. Malam yana yi mini tsiya, yana cewa ko sojan gwamnati ba a duba shi haka. Ban daina ba har suka daina zuwa, lokacin da gidaje suka cinye dajin, idon Malam kuma ya rage.

Da Malam ya rasu, mutumin ya zo ta'aziyya yana dogara sanda. Bai tafi da jama'a ba, ya zauna a kan bencin nan har zaure ya rage. Yanzu ni ma na tsufa, na ɗage labulen na zauna a bakin ƙofa. Muka gaisa, ya yi wa Malam addu'a irin tasu, na ce amin.

Na ce masa Malam ya bar wasiyya a kai masa keken.

"A bar shi nan, uwargida. Nan na san inda yake."

Sai na tambaye shi abin da na riƙe tun ranar da aka tsaga bayan rigar.

"Da ka ce a ɗaure rigar ta baya, kai kuma ka riƙe adda, me ke ranka?"

Bai yi fushi ba. Ya juya sandarsa a hannu, ya kalli keken da aka rufe da zane.

"Ban sani ba," ya ce. "Na yi ta tambayar kaina a lokacin, ban samu amsa ba. Da kika yi magana ta bayan labule sai na ji tsoron kaina. Shi ya sa na ba shi addar, na ce ya ɗaure ni."

Ya miƙe da ƙyar, na kira jikana ya raka shi bakin titi ya sa shi a mota.

Rigar tana nan a cikin wani tsohon buhu a saman rumfa. Zaren ya ruɓe, in ka taɓa sai ya zube. Kwanan baya na sauko da ita, na ja zariyar, ta warware.