Nomau Ba-Zama da Gonar Ƙarshe

Tunda nake da Nomau ban taɓa ganin ya gama shan fura a zaune ba. Zai kai ludayi baki sau ɗaya, sai ka ga ya miƙe, wai zai duba ko akuya ta kwance. Taubashina ne, ɗan gwaggona Inno, don haka ina da ikon faɗin abin da na ga dama a kansa, kuma zan faɗa. A ƙauyenmu, can gaba da Tirmini, ba a kiran sunansa sai an ƙara da Ba-Zama. Gwaggo, da yake ɗan farinta ne ba ta faɗin sunansa, cewa take yi, "Wannan yaron a bakin gona na haife shi, kuma tun ranar bai bar ni na huta ba."

Shi ne shugaban gayyar garinmu tun ina goyon ɗiyata ta fari, ga shi yanzu ita ma tana goyo. Gayya kuwa a wurinmu ba abin wasa ba ce. In noman fari ya kama, magidanta kan haɗu su bi gonakin juna ɗaya bayan ɗaya, kowa da hauyarsa mai doguwar ƙota wadda ake turawa a tsaye. Mai gona ya ba da fura da tuwo, su kuma su ba da ƙarfi. Ƙa'ida biyu muka tarar. Shugaba shi ke kama layin farko, saura su jeru a gefensa, ba mai wuce shi. Gonarsa kuma ita ake nomewa a ƙarshe. Tsofaffi sun ce in shugaba ya ga tasa ta yi fes, ƙafarsa nauyi take yi.

Na ga shugabanni kafinsa. Marigayi Kyari da tsawa yake tafiyar da mutane. Aiki na ci in yana tsaye, amma da ya juya baya kowa sai inuwar tsamiya. Malam Yunusa da ya gaje shi mutum ne mai son shawara, sai ya ji ta bakin kowa har da wanda ya zo wucewa, kafin a tsai da magana rana ta take. Nomau bai iya tsawa ba, shawara kuwa ba ya da haƙurinta. Shi dai ka gan shi a gaba, riga ta jiƙe sharkaf, ba ya waiwaye. Kunya ce ke jan mutane bayansa, da wani abu da ya fi kunya, don na sha jin ƙato yana cewa in Nomau na gaba ba ya jin gajiya sai ya koma gida.

Sai dai kada in yi masa kwalliyar da ba tasa ba. Da shi kaɗai ne, da an sha zuwa gonar da ba a dama fura ba. Tsari ba ya cikin kansa ko kaɗan. Wannan aikin Suma'ila ne, wani maƙwabcinsa da Nomau ya girme wa nesa ba kusa ba, mutum mai sanyin murya wanda sai ka matso kake jin abin da yake faɗi. Suma'ila ya san gonar wa ke kusa da ta wa, matar wa ke jego ba ta iya daka, hauyar wa ke wurin maƙeri. Shi ke jera gonaki, shi ke aika wa mai gona ya shirya. Suma'ila ke tsarawa, Nomau ake bi, kuma ba wanda ya taɓa tunanin a musanya su.

Bara waccan ruwa ya yi jinkiri har hankali ya tashi, da ya zo kuma ya ƙi ɗaukewa. Hatsi ya tsiro, ciyawa ta tsiro tare da shi. Samari sun tafi arewa haƙar zinariya, 'yan gayya sun ragu, saura duk masu furfura a gemu. Gonar Nomau kuwa a kwari take, inda ruwa ke kwanciya. Harƙiya ta taso mata kamar an shuka, hatsin ya fara yin ɗorawa tun bai kai gwiwa ba. Wannan gonar ita ce cin gidansa na shekara, ba ya da wata.

Matarsa Rahina ta yi magana har ta gaji. Ta ce, "Baban Khalid, kai kullum cikin gonar mutane. Mu ciyawa za mu ci?"

Ya ce, "Layinmu na zuwa."

"Ya zo ya tarar da me?"

Ya ɗauki hauya ya fita. Suma'ila ma ya same shi a hanya, ya ce, "Yaya, taka ta fi ta kowa matsuwa. Kowa ya gani. In muka tashi daga ta Nasiru, taka na kan hanya, ba wanda zai ce komai."

Nomau ya ce, "Ba za su ce ba. Amma baɗi in na ce su fito, kowa zai tuna."

Da yamma in an tashi gayya yakan biya ta gonarsa ya tura hauya kaɗan kafin magariba, amma me hannu ɗaya zai yi wa kwari guda? Ya rame, idonsa ya faɗa. Ni abin haushi ya riƙa ba ni, na aika masa daga Damagaram, inda nake zaune, cewa taurin kai ba sarauta ba ne. Ya aiko cewa in ji da ƙuli-ƙulina a Kasuwar Dole in bar maza da noma.

Ana cikin haka Gwaggo ta kwanta. Dole ya bar gayya a hannun Suma'ila ya kawo ta birni, lokotoro, wato likita, ya ce sai ta kwana biyu ana duba ta. A gidana ya sauka, a unguwar Zango, kuma ban taɓa yin baƙo mai wahalarwa irinsa ba. Ya gyara ƙyauren da bai lalace ba. Ya kwashe kwatar ƙofar gida har ta maƙwabta. Ya sake wa kajina wurin kwana, suka bar ƙwai. In hadari ya taso sai ya fita tsakar gida ya tsaya yana kallon yamma, bakinsa na motsi. Na ce, "Ba-Zama, ka zauna mana, tabarmar ba ta cizo." Ya ce ƙafarsa ce ke masa tsami in ya zauna.

Kullum da safe sai ya kira Suma'ila a salula. "Ta wa ake yau?" Suma'ila ya faɗa masa. Ran nan kuwa na ji ya maimaita tambayar har sau biyu, sa'an nan ya sauke wayar yana ƙunƙuni, wai Suma'ila ya ce ana nan ana yi, ba ya ji sosai.

Da aka sallami Gwaggo na raka su gida. Daga Tirmini muka hau amalanken jaki, hanyar kuwa ta gefen kwari take bi. Tun daga nesa na ga gonar. An nome ta tas, daga wannan iyaka zuwa waccan, ciyawa na kwance tana bushewa, hatsi ya miƙe yana kaɗawa. Daɗi ya kama ni har na buɗe baki zan yi guɗa. Nomau ya diro amalanken na tafiya. Ya shiga gonar, ya duba sawun ƙafafu, ya tsaya riƙe da ƙugu. Gwaggo ta dube shi ta ce da ni a hankali, "Maryama, rufe bakinki. Ba murna yake ba."

Bai ƙarasa gida ba. Ya nufi gonar da ake gayya ran nan, ni kuma na sauke Gwaggo na bi shi, don ba na son a ba ni labari. La'asar ta yi, mutane na shirin tashi. Da suka hango shi hira ta mutu. Ya yi sallama, ya gaida kowa da aiki, sa'an nan ya ce, "Wa ya kai ku kwari?"

Suma'ila ya ce, "Ni ne, Yaya."

"Ranar wa kuka ci?"

"Ba mu ci ta kowa ba. Ranata ce. Musanya kawai na yi."

Ya faɗi haka ne yadda yake faɗin kowane tsari nasa, kamar mai cewa an matsar da tulu daga rana zuwa inuwa. Na tabbata har ga Allah bai ga komai a ciki ba sai gyara.

Nomau ya ce, "To yanzu gonar wa ce ta ƙarshe?"

"Tawa."

"Shi ke nan. Kai ne."

Suma'ila bai gane ba sai da Nomau ya kama hannunsa ya kai shi bakin layin farko ya tsayar. Nan fa aka shiga ba shi baki. Nasiru ya ce ba haka suke nufi ba, don ƙauna suka yi. Suma'ila ya ce shi bai iya gaba ba, ko muryar kiran mutane ba ya da ita. Nomau ya ce, "Ni ma ban iya tsari ba, kuka bi ni. Ba murya kuka bi ba. Kun bi ni ne don kun san tawa na can tana jira. Yanzu tasa ce ke jira." Ya karɓi hauyar wani ya shiga tsakiyar sahu.

Kafin a kai gonar Suma'ila ciyawa ta ci rabinta. Rumbun Nomau ya cika a shekarar, ya ɗora dammuna a ka ya kai wa Suma'ila, shi ma ya karɓa ba gardama, don ya fara sanin cewa babba juji ne. Suma'ila na shugabancinsa irin nasa. Ba ya gudu, ba ya barin kowa a baya, kuma ba a taɓa zuwa gonar da ba fura ba. Mutane sun ce ana gama aiki daidai. Wasu kuma sukan ce, in ba ya kusa, gajiya ta fi kama su yanzu.

Daminar bana na je gida, na taya Rahina kai fura gona. Na hango Nomau a tsakiyar sahu. Hauyarsa sai ta wuce ta Suma'ila, ya ankara, ya ja baya, ya jira. Can kuma ta sake wucewa. Haka ya yi ta yi har aka kai iyaka. Na shirya masa tsiya tun daga gida, na ce zan tambaye shi ina sarautar. Ya zo inuwa, na miƙa masa ƙwarya. Ya zauna ya tanƙwashe ƙafa, ya sha, ya sha, har ya ga gindinta, bai tashi duba komai ba. Na haɗiye tsiyata, na karɓi ƙwaryar na juya baya don kada ya ga idona.