Gaisuwar Malam Kyari Bayan Mita Ɗari Biyar

Bana shekara tara ke nan da muka kai Malam Kyari makwancinsa, kuma har yau jirginsa na ajiye a zaurena. Na ce jirgi ne don ban san me zan kira shi ba. Ƙarfe ne dogo mai kujera mai zamewa, da sarƙa, da ɗan allo mai nuna mita nawa ka tuƙa. Wani Bature mai aikin rijiyoyi ya bar masa shi da zai bar Diffa, saboda Kyari ne malamin motsa jiki a lakwal, wato makarantar boko. Mu da muka tashi a bakin kogin Komadugu, sai ga mu muna layi don mu hau jirgin da ko kwana arba'in ka yi kana ja, inda ka zauna nan za ka sauka.

Gasar da Baturen ya koya masa ta mita dubu biyu ce. Amma Kyari ba ya barin kowa ya ja dubu biyu ranar farko. Ɗari biyar za ka ja da duk ƙarfinka. Kana ajiye sarƙar, sai ya durƙusa gabanka ya fara gaishe ka irin ta Barebari, wadda ake farawa da hantsi a gama bayan azahar. Ina gajiya, ina gida, ina yara, ya tattasai, ya ruwan bana. Yana gaisuwa yana karkatar da kunne. Daga nan ya dubi allon, ya dubi sama, ya faɗa maka lokacin da za ka gama dogon tseren da saurin da za ka riƙe tun daga farko.

Ari mai fito, wanda ya ƙetarar da rabin Diffa zuwa wancan gaci, ya ja ɗari biyar har muka ji tausayin sarƙar. Da aka gaishe shi, hannu kawai ya ɗaga. Ni kuwa, da tumbina da ke riga ni shiga masallaci, na ja a tsanake, na amsa gaisuwa har na tambayi lafiyar surukar Kyari. Kyari ya ce zan riga Ari gamawa. Har Baturen da ke Turai na tabbata ya ji dariyar da aka yi. Ranar gasa Ari ya tashi kamar mai ƙetare kogi a cike, don shi bai san tuƙin da ya wuce faɗin Komadugu ba. Bai kai rabi ba ya sauka ya nemi ruwa. Na gama, aka kwashe ni kamar buhu.

Abin da ya sa nake wannan waiwaye, ƴar Kyari ce, Falmata. Tana Yamai tana koyon aikin ubanta, kuma an sa wa ajinsu irin wannan gasa, wadda ita za ta nuna ko za a bar ta ta ci gaba. Ta ce can ana buga lokacin ɗari biyar a na'ura, ta fito maka da na dubu biyu, ba wanda zai tambaye ka lafiyar gida. Ta gwada, na'ura ta ba ta sauri, ta bi, numfashi ya ƙare mata a hanya. Da ta zo hutu sai ta nufo ni, tunda ni ne kullum a gefen ubanta.

A nan na rikice. Na san yana ƙara wani abu a kan lokacin, amma nawa? Wanda ya amsa har tattasai ake ƙara wa kaɗan, ko wanda ya tsaya a yara? Kalmomin yake ƙirgawa, ko shirun da ke tsakaninsu? Wani lokaci ma ina zargin ba lissafin komi, sanin mu kawai ya yi. Da zai ga na'urar Yamai, ban sani ba ko tsaki zai yi, ko durƙusawa zai yi ya gaishe ta.

Duk da haka na kwashe buhunan da ke kan jirgin, na shafa wa sarƙa mai, na sa batir. Falmata ta ja ɗari biyar. Na durƙusa, gwiwoyina suna kuka, na fara gaisuwa. Ta amsa ta gajiya. Ta amsa ta gida. Da na ce ina mutanen gida duka, sai ta yi shiru, ni kuma na kasa gane ko numfashi ne ya tsaya mata ko wani abu dabam.

"Baba, nawa zan riƙe?" in ji ta.

"Wallahi ƴata, ban sani ba. Lissafin ya tafi da mai shi."

Ta goge fuska da bakin ɗankwali, ta gyara ƙafafunta a cikin maɗauri.

"To, zan sake ja. Ka sake gaishe ni. Shi a hankali yake yi, kai kana sauri."

Allah Ya jiƙan Kyari. Abin da ya bari ke nan: ni na riƙe kalmomin, ita ta riƙe saurinsu. Na sake durƙusawa.