Malam Ɗaiɗai da Muryar Direba

Kafin sauran shagunan layin su buɗe, Malam Ɗaiɗai ya riga ya ɗaga ƙofarsa, ya share gaban shago, ya goge teburin nan nasa da ƙunar dalma ta yi wa tabo ko'ina. Sai ya jera sukurdirebobi daga babba zuwa ƙarami, ya kunna fitilar da ke rataye bisa tebur, ya taɓa ƙarfen ƙafar benci don ya sauke wutar jikinsa kafin ya sa hannu a cikin kwamfutar kowa. Haka ya yi shekara da shekaru. Abokan sana'a ne suka laƙa masa sunan, saboda ba ya canza abu biyu a lokaci guda. In ka matsa masa ya yi sauri, sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "In na canza biyu ta warke, wanne zan yi wa godiya?"

A ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Hannunsa ya fara rawa, ƙananan sukurori suna kuɓuce masa suna gangarawa ƙarƙashin benci. Mutane da yawa suna da abin faɗa a kansa, amma in ana son a san ko wane ne shi, Auta za a tambaya.

Mahaifin Auta direban babbar mota ne, mai surutu da barkwanci, wanda in ya dawo daga tafiya maƙwabta kan ji muryarsa kafin su gan shi. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ya tafi da hannun dama da ƙafar dama, ya tafi da magana. Hankalinsa garau, harshe ne ya ƙi. Auta tana aiki a gidan buga takardu, ta san kan kwamfuta, don haka ta riƙa tara kayan haɗi, wani sabo wani na hannu, har ta haɗa masa kwamfuta da kanta a tsakar falo. Ta sa masa manhajar da ke karanta rubutu da murya. Yana danna haruffa da yatsan hagu, na'ura tana faɗa. Abin da ya fara rubutawa shi ne, "Wa ya ce a ba ni muryar mace?" Inna, matarsa, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa tana share hawaye.

Ba a daɗe ba kwamfutar ta fara wata ɗabi'a. Yana tsakiyar jimla sai allo ya ɗauke, fanka ta yi shiru, ta sake tashi da kanta kamar ba a yi komai ba. Wani lokaci ta nuna shuɗin allo da rubutu, kuma rubutun yau daban na gobe daban. Auta ta sake zuba mata manhaja daga tushe, ta hure ƙura, ta ƙara ɗaure wayoyi. Ta yi kamar ta daina, ta sake.

Wata rana da rana tsaka, Auta tana wurin aiki, Inna tana wanki a bayan gida, ƙwayar magani ta sarƙe Direba. Ya fara rubuta kira, kwamfutar ta mutu a hannunsa. Ya yunƙura zai buga ƙofa, ya kife daga kujera. A ƙasa Inna ta same shi, ƙwayar ta wuce amma idonsa ya yi ja. Daga ranar ya juya wa kwamfutar baya, ya juya wa kowa baya. In an tura masa allon rubutu sai ya ture. Yakan yamutsa fuska ya shafa ƙafar dama, su kuma suka ɗauka ciwon faɗuwa ne, suna ta shafa masa man zafi.

Auta ta ɗauko kwamfutar a rungume kamar jariri ta kawo shago.

"Malam, ni na haɗa ta," ta ce. "In wani abu na ɓata, ka faɗa mini kawai."

"Zauna, 'yata. Wanda bai iya ba ba ya haɗa wayoyi haka. Yaushe take mutuwa?"

"Ba ta da lokaci."

"Tana da shi. Mu ne ba mu gano ba tukuna."

Akwatin wuta ya fara zargi, wanda ke raba wa sauran kayan lantarki, domin shi ya fi yawan jawo irin wannan. Ya cire nata ya sa nasa da ya yarda da shi. Kwamfutar ta wuni tana aiki lafiya lau a kan teburinsa. Auta ta mayar da ita gida da murna, ta lallaɓa mahaifinta har ya yarda ya ɗora yatsa. Bai gama kalma ta uku ba allo ya ɗauke. Direba ya dubi 'yarsa, ya lumshe ido, ya mayar da fuska bango.

Washegari da ta dawo shago ba ta iya ko gaisuwa sosai ba. Malam Ɗaiɗai bai kare kansa ba. Ya ce, "To, ba shi ba ne. Saura ram." Ya nuna mata wasu ƙananan sanduna biyu da ke tsaye a jikin babban allon ciki, inda kwamfuta ke riƙe abin da take yi a halin yanzu. In ɗayarsu ta riƙe lamba ta mayar da wata, komai sai ya rikice. Ya soka filashi mai manhajar gwaji, wadda ke rubuta lambobi a kowane lungu na ram ta dawo ta karanta, in ta ga sun sauya ta nuna ja. Suka zuba wa allo ido. Gwaji ya zagaya, ya sake zagayawa. Babu ja ko ɗigo.

Auta ta ce a ranar ta ga tsoro a fuskarsa. Ya cire tabarau ya goge, ya dubi hannunsa da ke rawa a kan gwiwa, ya ce a hankali, kamar da kansa yake, "Ko dai ni ne na daina gani?" In wannan mutumin ya gaza, ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba.

Can ya miƙe ya jawo jakarsa. "A nan ba ta ciwo, a gidanku take yi. Mu je in ga inda take kwana."

Ya rufe shago da rana tsaka, masu kawo gyara suna tsaye. Ɗakin Direba ƙarami ne, taga a rufe, labule a sauke, domin tun da ya kwanta sanyi yake ji. Mazaunin kwamfutar wani lungu ne tsakanin gado da bango, ƙarƙashin tebur. Kafin Malam ya gama gaishe da mai gida, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya sa aka mayar da ita lungunta, ya kunna gwajin, ya ce kada a buɗe taga.

Suka zauna. Inna ta kawo ruwa ba wanda ya sha. Direba yana kwance, bayansa gare su, numfashinsa yana fita da ɗan sauti. Auta tana kallon allo tana kallon bayan mahaifinta, ta rasa wanda ya fi ba ta tsoro. Sai ga layi ja ɗaya. Sai wani. Sai suka cika allo.

"Alhamdulillahi," in ji Malam, ya sauke ajiyar zuciya. "Zafi ne ke tona wa ram ɗin asiri. A shagona fanka na kaɗa shi, shi ya sa yake ta yi mana ladabi."

Ya kashe ta, ya durƙusa zai cire sanda ɗaya. Yatsunsa suka ƙi tsayawa a kan ɗan maƙallin da ke riƙe ta. Ya gwada, ya sake gwadawa, sannan ya janye hannu. "'Yata, zo. Hannuna ba na wannan aikin ba ne yanzu, kada in karya miki wani abu. Danna nan da nan, ki ɗago a miƙe."

Da hannun Auta da idon Malam aka ƙarasa. Sanda ta farko ita kaɗai, a bar ta ta ɗau zafi: babu ja. Ta biyu ita kaɗai: ja. Auta ta ce shi ke nan, an kama. Ya ce a'a, a mayar da ita ɗaya ramin da ake soka su, kada a ɗora wa sanda laifin rami. Aka mayar, ja ya sake fitowa. Sannan ya yarda. Ya sa ta cire mai laifin, ya ce guda ɗaya ta ishi mai magana. Ya shiga saitin ciki ya mayar da gudun ram daidai yadda aka ƙera shi, ya sa aka fito da kwamfutar daga lungu inda za ta sha iska.

"Ta warke ke nan?" Inna ta tambaya.

"Ban ce ba tukuna, Inna. Sai ta sha zafin gobe da na jibi."

Ya kuwa dawo, kullum da tsakar rana, ya zauna cikin gumi yana gwaji. A ranar ƙarshe ta gwajin ya taho da ƙararrawa mai batir, ya ɗaure maɓallinta a hannun kujera, ya rataye bakinta a bayan gida inda Inna ke aiki. Sannan ya jawo kujera kusa da gado.

"Direba, kai ka san inji. Ba zan ce maka ba za ta ƙara mutuwa ba har abada. Amma abin da ke kashe ta na gan shi da idona, ga shi a aljihuna. In kuma ta ci amanarka, ga ƙararrawa, ba ruwanta da kwamfuta. Yarinyar nan ta rame. Ka ce mata wani abu, ko zagi ne."

Sai hannun hagu ya fito daga mayafi. Aka tallafe shi ya zauna. Harafi, harafi yake dannawa, idon Auta a kan allo tana jiran ya ɗauke. Bai ɗauke ba. Na'ura ta ce, "Ba faɗuwar ba ce. Ƙafar daga ciki take zafi. Ta kumbura. Numfashina yana sarƙewa."

A ranar aka kai shi asibiti. Likita ya ce jini ne ya daskare a jijiyar ƙafar, kuma da an ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Direba ya kwana biyu a can, ya dawo gida.

Malam Ɗaiɗai, kai ne ka rufe shagonka ka bi ciwo har ɗakin da yake kwana. Kai ne ka ce "ba shi ba ne" da bakinka lokacin da zatonka ya kuskure, ba ka ɗora wa wuta ko yarinya laifi ba. Da hannunka ya gaza ba ka ɓoye ba, ka ari na wadda za ta iya. Mai haƙurin jiran ja ya fito, mun gode. Auta ta gode, Inna ta gode. Allah Ya ba hannunka sauƙi, Ya sa hutunka ya yi albarka.

Ku kuma masu tasowa a wannan sana'a, da ma kowace sana'a, ku riƙa tambayar abin da na'ura take yi wa mai ita kafin ku kwance ta. Wata ta wasa ce, wata kuwa ita ce bakin mutum. Kada ku ce ta warke sai kun ga abin da ke damunta.

Auta ta ce har yanzu yakan leƙo da yamma, ba don gyara ba. Shi da Direba sukan zauna suna musu kan inji, wanne ne ya fi wuyar sha'ani, na mota ko na tebur. Direba yakan daɗe yana neman harafi, yatsansa yana yawo a kan allon rubutu. 'Yan gida, don tausayi, sukan yi saurin ƙarasa masa magana. Malam kuwa sai ya harɗe hannuwansa masu rawa a kan gwiwa, ya jira har mutumin ya kai aya da kansa.