Ranar da Baffa ya cire gilashin motar Baba

Shekarun baya, lokacin ina aiki a Bukkuyum ina zuwa gida Gummi hutun ƙarshen mako, mahaifina yana da wata tsohuwar mota 'yar Japan, ruwan toka, irin 'yan Kwatanon nan masu ƙofa huɗu da ba su san gajiya ba. A cikinta aka yi ta kai mu makaranta, a cikinta aka kai yayata ɗakin miji Anka, kuma da kaka buhunan shinkafa take kwasowa daga fadama har bayanta ya kusa taɓa ƙasa. Baba bai yarda kowa ya taɓa sitiyarinta ba. Ni da lasisina, da gemuna, da 'ya'ya biyu, iyakata da ita wanki.

Bakanike ɗaya ne ke taɓa ta duk garin, kuma taubashin Baba ne, ɗan ƙanwar kakanmu. Mu Baffa muke ce masa. Garejinsa gindin wata bishiyar dogonyaro ne a bakin hanya. In ka ji su biyun suna gaisawa sai ka rantse yanzu za a raba faɗa. Kowa cewa yake shi ne ubangidan wani. Baba ya ce, "Bawana, taso ka diba mani mota." Baffa ya ce, "Wagga akwalar? Kai da ita ban san wanda za ya riga wani zuwa bola ba." Haka za a juye baƙin mai, a wanke filogi, a duba ruwan lagireto, ana zage-zage ana dariya. Abin da ɗaya zai gaya wa ɗaya, da wani ne ya faɗa da an kai ga alƙali.

To wata shekara bayan damina sai motar ta fara laifi a bakin Baba. Da farko fitila ce, wai in ya taso daga fadama da magariba ba ta haska komai. Baffa ya canza ƙwai. Bayan mako biyu kuma gilashi ne, wai ya yi hazo. Ni ne sarkin neman suna, na samo garin sabulu da tsohuwar jarida na goge gilashin nan har ina ganin haƙorana a ciki. Baba ya shiga ya zauna, ya ce, "Kai dai ba ka iya komi ba." Na ce haka ne Baba, na sake wankewa.

Sai ranar da ya daki turken akuyar maƙwabta yana shigowa da rana tsaka. Ya ce birki ne. Aka canza birkin da bai daɗe da sawa ba.

Inna ce ta fara ganewa. Ta jawo ni bayan rumbu ta ce, "Kai ba ka lura ba? In na aje mai ruwa sai ya lalubi kwanon da hannu. Ba motar ba ce, idanu nai ne."

Na ce, "To Inna ki gaya masa mana."

Ta ce, "Ni? Shekara nawa ina gidan ga ban taɓa ce mai ga abin da ya kasa ba, sai yau? Kai ne namiji, ka hwaɗa mai."

Na ce to. Wallahi sau uku ina zama gabansa da niyyar magana, sau uku ina ƙarewa da tambayar kuɗin taki. Yaya za ka dubi mutumin da ya haife ka, wanda kullum shi ke gaba kana baya, ka ce masa ya daina gani?

Ana haka yayata ta haihu a Anka. Baba ya ce shi zai kai mu suna da kansa: Inna, matata, da yarana biyu. Hanyar nan kuwa ga ramuka, ga manyan motoci, ga shanu da ke tsallakawa ba sallama. Na san in ya kama sitiyarin nan da idon nan, ko dai Allah ya tsare, ko kuma a yi zaman makoki a maimakon suna. Da na rasa yadda zan yi sai na hau babur na tafi wurin Baffa na zayyana masa komai. Yana kwance ƙarƙashin wata mota, bai ko fito ba. Ya ce, "Na sani tun ranar fitila. Ku taho da ita gobe, ku yi azahar nan."

Washegari Baba ya tuƙa mu zuwa garejin, ina gefe na riƙe kujera ina karanto duk addu'ar da na iya. Baffa ya yi wa motar sabis kamar kullum, ya juye mai, ya ɗaure abin da ya kwance. Baba yana kan benci yana mita: ga tafiya gabansa, ga gilashi ya mutu, shi sabo yake so.

Baffa ya ce, "Na samo maka, tsohon banza. Tahi masallaci, kahin ka dawo na sa."

Muka je muka yi salla. Da muka dawo garejin ba kowa sai Baffa, ya sallami ma'aikatansa cin abinci. Ina ɗaga ido na ga gaban motar wayam. Gilashin irin na da ne mai roba a gefe, ya zare shi gaba ɗaya ya jingine bayan bishiya, bai sa komai a wurin ba. Na buɗe baki, ya harare ni, na rufe.

Ya ce wa Baba, "Shiga ka zauna ka gwada sabon gilashinka."

Baba ya shiga, ya gyara zama, ya dafa sitiyari da hannu biyu. Ya ƙura ido gaba, ya karkata kai hagu, ya karkata dama. Sannan ya yi tsaki.

"Amma kai dai macuci ne. Wanga ai ya hi na da hazo! Ina ka tsinto shi?"

Baffa ya zagayo gaban motar, ya jingina da bonet, ya miƙa hannu ta inda gilashi ya kamata ya kasance, ya cire hular Baba daga kansa.

Baba ya ɗaga hannu a hankali ya miƙa gaba, yana neman gilashi, hannun ya wuce waje. Ya bar shi a nan cikin iska. Ni dai na juya baya ina kallon hanya, don hawaye sun zo mini, kuma ban so ya ji.

Can sai na ji Baffa da wata murya da ban san shi da ita ba. Ya ce, "Ɗan kawu, motarka lahiya lau take. Na canza ƙwai, na canza birki, don in ba ka lokaci ka hwaɗi da bakinka. Yanar ido ce ta ruhe maka gani, kuma ana cire ta asibiti. Amma jibi ba ka ɗaukar jikoki ka hau hanyar Anka. In ka ƙi, wallahi inji zan sauke in ce ya buga."

Ina jiran tsawa. Ina jiran Baba ya fito ya ce ba shi ba garejin nan har abada. Sai ya ce, "Ba ni hulata, bawan banza."

Baffa ya ɗora masa ita a karkace. Baba ya gyara, ya ce, "Maida gilashin." Muka kama tare da Baffa muka mayar. Da aka gama, Baba ya fito daga mazaunin direba, ya bi jikin motar da hannu ya zagaya ɗaya gefen, ya buɗe ya zauna. Mabuɗin yana jiki. Bai ce mini ɗauka ba, bai ce kada ka ɗauka ba. Na shiga, motar ta mutu mini sau biyu kafin mu hau kwalta, Baffa yana bayanmu yana ihu wai gidanmu ba a gadon tuƙi.

A hanya magana ɗaya Baba ya yi: "Sassauta ƙahwa bisa kulocin ga, ba gonarka ba ce."

Da muka iso gida Inna tana ƙofar zaure, ta ga wanda ke tuƙi. Ta zo ta buɗe masa ƙofa, ta kama hannunsa a gabana, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni, ta ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. A yi hankali da dakali."

Ni na kai mu Anka suna, muka dawo lafiya. Bayan 'yan watanni aka yi masa aikin ido a Sakkwato, ɗaya ya washe sosai, ɗayan sama-sama. Ranar da za mu koma Anka gaida yayata na miƙa masa mabuɗi, don a ganina haƙƙinsa ne. Ya juya shi a hannu, ya mayar mini. Ya sauke gilashin gefensa, muka kama hanya. Muna wuce fadama, shinkafa ta yi kore shar har iyakar gani, ga Fulani suna kora shanu bakin ruwa, sai na ji ya ce, "Ikon Allah. Ashe haka hanyar ga take? Ni tun ina saurayi rami kawai nike kallo."

Yanzu Baba ya rasu, Baffa ma ya bi shi, Allah ya jiƙansu da rahama. In na tuna sai in ga hikimar mutanen da, da suka bar wa kowane dattijo mutum ɗaya wanda zai iya gaya masa gaskiya ba tare da girmansa ya zube ba. Mu 'ya'ya kunya ta ɗaure mu, Inna ladabi ya ɗaure ta, da ba don taubashi ba da ban san inda ƙaunarmu za ta kai shi ba. Nawa taubasan suna Gusau da Kaduna, sai a waya muke gaisawa, cikin girmamawa kamar baƙi. Kwanan nan na fara nisanta takarda da fuskata kafin in iya karantawa, yarana suna gani suna sunkuyar da kai. Na duba hagu na duba dama, ban ga wanda zai zage ni ya gaya mini ba.