Jirgin Ɗantsoho da Igiyar Rama

Shekara ashirin Ɗantsoho yana fito a gulbin Bungudu, in ka cire ukun da ya yi a yaƙin Bama. Da damina, duk mai zuwa kasuwa daga ƙetare sai ya shiga kwalekwalensa. A ranin 1953 kafaɗarsa ta dama ta mutu murus, ko buta ba ya iya ɗagawa, balle sandar tura jirgi. Sarkin Ruwa ya gaya masa a fili: in ruwa ya kawo bai iya fito ba, za a ba wani mashigin.

Nan ya tuna abin da ya gani a teku lokacin soja: jirage biyu a haɗe, da dogon itace a tsakiya, iska na tura ƙyalle, mutum na zaune abinsa. Ya roƙi surukinsa Tukur aron tsohon kwalekwale, ya jera shi da nasa a kan yashi, ya gitta musu katako. Ya samo azarar giginya, ta zama itacen tsakiya. Matarsa Talatu ta ɗinke buhunan gyaɗa bakwai a matsayin ƙyallen, ta tufka igiyar rama har tafin hannunta ya sale. Mutanen gari kuwa sun samu abin yi da yamma, kowa ya zo kallon wanda zai hau iska.

Ran da za a ta da itacen, maza shida suka ja, Ɗantsoho na ba da umarni kamar saje. Azara ta miƙe, gindinta a kan katakon. Ya sa aka ɗaure igiyoyi uku, aka yi ta ja har suna ƙara in an taɓa.

Talatu ta ce, "Malam, sassauta mata kaɗan. Rama in ta sha ruwa tsukewa takai."

Ya ce, "Mi kis sani ga jirgi? Ni nig ga teku."

Gaskiyarsa, ya ga teku. Ita kuwa shekara talatin tana shanya a igiyar rama, amma wa ya tambaye ta?

Ruwan farko ya sauka ran wata Laraba bayan azahar. Ɗantsoho na tsaye a gaɓa yana murna. Igiyoyin suka jiƙe, suka tsuke, suka danno azarar ƙasa. Katakon ya lanƙwashe, ya karye, kwalekwalen biyu suka tsage daga inda aka ɗaure su. Gulbin ma bai kawo ba tukuna.

Ɗantsoho ya juya gida. Baƙin ciki ya cika shi, har da kunyar Tukur, wanda bai taɓa tayar masa da maganar ba.

Da ruwa ya kawo aka ba wani saurayi, Haruna, mashigin. Talatu ta kwance igiyar ta mai da ita ta shanya. Ran kasuwa Ɗantsoho ya shiga jirgin Haruna da ɗan ƙunshinsa, ya nufi baya, wurin mai sanda, bisa sabo.

Haruna ya ce, "Baba, koma tsakiya ka zamna, kak ka faɗa."

Ya koma ya zauna cikin mata da awaki.