Ayun da na zana wa Malam Bitrus

Har yau ranar da sufeton makarantu ya zo firamarenmu ta Bolari ba ta bar raina ba. Bara ne, lokacin da gwamnati ta buɗe ajujuwa ko'ina, malamai suka yi ƙaranci, har irina mai shekara sha bakwai aka miƙa wa alli. Malam Bitrus kuwa, dattijo daga kudancin Gombe, ya daɗe yana koyarwa ba takardar horo. Ƙa'ida ita ce sufeto ya zauna ya ga darasi ɗaya, rahotonsa ne zai sa a tabbatar da malami ko a sallame shi.

Darasin da ya faɗo wa Malam Bitrus shi ne kwatanta ayu da kwaɗo. Kwaɗi dai na ciko masa gwangwani daga kwata. Ayu ne bai taɓa gani ba. Ni kuwa na sha cika baki a ofis cewa na yi iyo da ayu a Binuwai, alhali ko a kududdufi nitsewa nake yi. Ya roƙe ni in zana masa a kwali, tunda dole darasi ya zo da abin nunawa. Na zana ƙaton kwaɗo mai gemu, na ce ƙwansa ya kai tulu, tsalle ɗaya yake tsallake kwalekwale. Na zaci zai yi dariya. Sai ya rubuta a littafinsa, ya ce, "Na gode, ɗana."

Na ce a raina gobe zan gyara. Kafin in iso, sufeto ya riga ya zauna a ajin.

Ashe sufeton ɗan masunta ne. Ya bari aka gama, sannan ya gaya wa yara cewa ayu haihuwa yake yi, yana shayar da ɗansa, yana leƙowa sama ya shaƙi iska. Kwaɗo ne mai ƙwai. Ya tambayi wanda ya yi zanen.

"Ni ne, ranka ya daɗe," in ji Malam Bitrus.

Ƙarshen zango takardar sallama ta zo. Na same shi yana ɗaure littattafansa, na soma ba shi haƙuri. Ya ce da ya ambaci sunana mu biyu za a kora. Abin da ke cinsa shi ne yaran sun kwafi ƙaryar a littattafansu, da yardarsa.

Ni aka ba ajinsa. A nan na gane cewa a wannan aiki duk abin da ka faɗa, akwai mai rubutawa. Yanzu in ban sani ba, sai in ce ban sani ba. Yaran suna dariya, ni ba na yi.