Malam Manniru Maude Abaji, Malamin Haɗa Sauti

Haihuwa da Tasowa

An haifi Malam Manniru Maude a garin Abaji a shekarar 1957. Mahaifinsa, Malam Maude, falke ne mai sayen doya a ƙauyuka yana kaiwa Lokoja, mahaifiyarsa kuwa, Malama Azumi, ta yi suna a unguwarsu da zaƙin murya a waƙoƙin daɓe da na niƙa. Ya yi karatun Alƙur'ani a gaban kawunsa, sannan aka sa shi makarantar firamare a shekarar 1964.

Neman Ilimi

A shekarar 1971 ya sami shiga kwalejin horar da malamai, inda ya haɗu da Mista Ɗanladi, wani dattijo mai koyar da kiɗa da tsohuwar fiyano. A hannunsa ya fahimci cewa idan aka danna sauti uku masu jituwa a lokaci guda, ana samun abin da makaɗa ke kira kod, kuma kowace waƙa tana da mazauni, wato ki, wanda daga shi take tashi, a kansa take sauka. Mahaifinsa ya nuna rashin amincewa da farko, domin gudun kada a kira ɗansa maroƙi, kuma bai sauko ba sai da ya tabbatar cewa ilimi ne mai ƙa'idoji wanda ake koyarwa a aji.

Ya tafi wata jami'a a kudancin ƙasar nan a 1979, ya kammala a 1982 da sakamako mai daraja. Nazarinsa ya ta'allaƙa ne a kan yadda za a shimfiɗa kod a ƙarƙashin waƙar Hausa ba tare da an karya karin harshe ba, tunda kalmar da aka ɗaga inda ya kamata ta sauka takan canja ma'ana.

Aiki da Aure

Bayan shekarun da ya yi yana koyarwa, ya koma Abuja a 1988, ya kama aiki a sashen kaɗe-kaɗe na wani gidan rediyo, ya zauna a Kubwa. A wurin aikin ne ya haɗu da Luba, mawaƙiya mai siririyar murya da ke kaiwa inda sauran mata ba sa kaiwa, aka ɗaura musu aure a 1990, daga baya Allah ya ba su ɗansu na fari, Fatihu.

A 1995 ya kafa ƙungiyar mawaƙa ta ma'aikatan Kubwa, wadda ta ƙunshi direbobi da masinjoji da ma'aikatan jinya, Musulmi da Kirista, mutanen da ke rububin bas kullum da safe, su taru ranar Asabar su yi atisaye. A cikin wannan ƙungiya ya shahara da gwanintar sauya ki a tsakiyar waƙa. Koyarwarsa ita ce ba a tsallakawa daga wani ki zuwa wani kai tsaye, sai an nemi kod ɗin da mazaunan biyu suka yi tarayya a kansa, a ɗan tsaya a nan har kunne ya saba, sannan a shiga. Wannan kod shi ya sa wa suna zaure, sunan da ɗalibansa ke amfani da shi har yau.

Jarrabawa da Nasara

A shekarar 2009 aka yi wa Hajiya Luba aikin maƙoƙo. Allah ya ba ta lafiya, amma muryarta ta yi ƙasa ta yi kauri, har waƙoƙin da ta saba jagoranta suka gagare ta. Ta janye daga ƙungiyar, ta daina ko da rera waƙa a cikin gida, kuma haka al'amarin ya kasance har kusan shekara huɗu.

A farkon 2013 Malam Manniru ya sanar da ita cewa ya tsara sabuwar waƙa kuma baiti na ƙarshe nata ne. Ta ce, “Baban Fatihu, ka ƙyale ni don Allah, muryar nan ta tafi.” Ya ce, “Ba ta tafi ba, sauka ta yi. Waƙar za mu sauko da ita ta same ki.”

Wannan tsari ya saɓa wa abin da mawaƙan suka saba, domin galibi sama suke ɗaga waƙa idan ta zo ƙarewa, shi kuwa ƙasa ya nufa da ita. Felicity, ma'aikaciyar jinyar da ta gaji Luba a jagoranci, ta faɗa masa a gaban kowa, “Oga, wannan waƙa zai mutu a ƙarshe fa, mutane za su ce mun gaji.” Bai sauya ko sauti ɗaya ba.

An gabatar da waƙar a watan Disamba na wannan shekara, a wani babban ɗakin taro da ke unguwar Gudu a Abuja. Felicity ta ɗauki baitocin farko a sama, sannan Malam Manniru ya bi da fiyano ta zaure biyu a jere, ya sauko da mawaƙan gaba ɗaya ba tare da masu sauraro sun ankara ba. Da Hajiya Luba ta buɗe baki, muryar ta zauna daram, ta cika ɗakin da kaurin da ba a taɓa ji daga gare ta ba. Jama'a suka miƙe tsaye tun ba ta dire ba, mata suka rangaɗa guɗa, aka tilasta maimaita baitin. Daga wannan rana ta koma ƙungiyar a matsayin jagorar masu kaurin murya.

Shekarun Ƙarshe

Ya yi ritaya a 2017, ya buɗe ƙaramar makarantar koyon kiɗa a Kubwa, inda matasa masu ɗaukar waƙa a situdiyo suka riƙa zuwa koyon ƙa'idojin haɗa sauti, musamman tsara waƙa daidai da muryar mai rera ta.

Rasuwa

Allah ya yi wa Malam Manniru Maude rasuwa a watan Maris na 2023, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara sittin da shida. An yi masa salla a masallacin unguwarsu a Kubwa, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar Gudu. Ya bar matarsa, Hajiya Luba, wadda ke riƙe da ƙungiyar a yanzu, da 'ya'ya huɗu: Fatihu, Hafiza, Zulkifilu da auta Surayya. Allah ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya albarkaci bayansa.